Hitar Ɗakin Baba

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Na fito da hitar daga ɗakin Baba na ajiye a baranda. Nauyinta kilo goma sha ɗaya da ɗigo huɗu, har da ragowar kananzir ɗin da ke ciki. A sikelin banɗaki na auna. Ban san amfanin da sanin hakan zai yi mini ba, amma na rubuta.

Umma ta ce in jefar da ita. Sau uku ta faɗa tsakanin azahar da la'asar. "Auta, ki fitar min da abin nan daga gida, ko ganinta ba na son yi." Na ce Baba zai tambaya idan ya dawo. Ta koma kicin.

Likita ya ce in komai ya tafi daidai za a sallami Baba daga asibiti nan da mako biyu zuwa uku, amma da sharaɗi: ɗaki mai ɗumi, kuma babu hayaƙi ko kaɗan. Wayoyin wutar gidan nan sun girme ni, ko dutsen guga aka jona tare da firji sai komai ya ɗauke. Hita mai lantarki ba ta mu ba ce. Ke nan wannan ce, ko babu.

Ba zan rubuta komai game da safiyar Talata ba. Na faɗa wa likita, na faɗa wa Yaya a waya, ya isa.

Kwana biyar ke nan da dawowata daga jami'a da takardar digiri a jaka. Abin kirki ɗaya da na yi a gidan nan shi ne gyaran ɗakin Baba ranar Lahadi. Na janye komai na goge ƙasa, na fitar da shara leda uku: tsofaffin jaridu, matattun batura takwas, kwalaben magani shida babu komai a ciki, guntun silifa, igiyoyi, murfin biro goma sha ɗaya. Ya shigo ya ce ya ɗauka gidan wani ya faɗa. Har dariya ya yi.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Yaya ya iso da asuba, tafiyar awa biyar. Ko jakarsa bai sauke ba ya ce ya gama shawara: daga asibiti gidansa zai wuce da Baba, hawa na huɗu, ɗumi ko'ina, babu kananzir.

Na ce Baba ya shekara talatin da ɗaya a ɗakin nan. Kekunan ɗinkin da yake gyara wa mutane suna ciki, kuma ta tagar nan yake gaisawa da duk wanda ya wuce.

"To Furofesa, ya zauna ya ci gaba da shaƙar hayaƙi don ya gaisa da mutane?"

Na ce zan gyara ta.

"Ke? Kin taɓa riƙe sukudireba?"

Shekara huɗu ina karatun kimiyyar sinadarai, na fito da sakamako mai daraja ta ɗaya, amma a gidan nan har gobe ni ce yarinyar da ta taɓa zuba gishiri a shayi. Mun tsaya a kan haka: zai dawo Juma'a 19 ga wata, a kunna hitar a ɗakin awa ɗaya cur yana zaune. In hancinsa ya ji wani abu, Baba nasa ne. Na nemi ya faɗa mini me ake nufi da "wani abu". Ya ce hancinsa zai sani. Wannan ba ma'auni ba ne, na faɗa masa.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Na sami littafin hitar a gwangwanin biskit ɗin da Baba ke ajiye kayan aikinsa. Shafi ashirin da huɗu ne, na goma sha ɗaya zuwa sha huɗu babu su, kuma can ne bayanin lagwani. Tabbas.

Babu wanda ya san komai game da hitar nan sai shi. Duk farkon sanyi yakan fitar da ita baranda ya wuni a kanta, in ka matso ya ce inuwarka ta tare masa haske. Na tambayi Umma me yake yi mata a wunin nan. Ta ce, "Yana dai taɓe-taɓensa." Abu ɗaya ta riƙe: a bar taga a buɗe yatsa biyu. Na ce yatsun wa? Nawa biyu milimita talatin ne, nata talatin da huɗu. Ta dube ni kamar na zage ta.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Na kwance ta. Sukurori goma sha huɗu, na jera su a kwalin ƙwai, kowanne da lambarsa. Na cire ragar gaba, na ɗaga kwalbar da wuta ke ci a ciki. Baƙi ƙirin. Kunkunniya ta yi mata kauri har tana ɓarewa kamar ɓawo, amma ta gefe ɗaya kawai. Na goge da busasshen tsumma mai laushi, na bi ramukan ƙarfen da tsohon burushin haƙori ɗaya bayan ɗaya. Ramukan sun fi ɗari uku, a nan na daina ƙirga, abin ya ba ni haushi.

Na juye tsohon kananzir a kwalba mai haske na bar shi ya kwanta. Akwai ruwa a ƙasa, kamar cokali biyu. Na ji daɗi ƙwarai da ganin ruwan nan. Ruwa a tanki yana jawo hayaƙi, littafi ya faɗa a shafi na goma sha bakwai. Kuma ba ni na zuba shi ba, tun bara yake ciki.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Mako ɗaya.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Asibiti. Baba ya buɗe ido, ya gane ni. Magana tana fita amma da ƙyar, kalma ɗaya sai ya huta. Hannunsa na dama yana kan bargo inda ma'aikaciyar jinya ta ajiye shi, da na dawo daga sayo ruwa yana nan a wurin. Tun a bakin ƙofa Umma ta ja mini kunne kada in kuskura in ambaci hita a gabansa. Na ba shi labarin wata mata da ta zo karɓar kekenta.

Na tare likita a hanya na tambaye shi kai tsaye ko hayaƙin ne. Ya ce abubuwa da yawa ne suka haɗu, ga shekaru, ga hawan jini. Na ce kashi nawa cikin ɗari? Ya ce, "'Yan mata, je ki ci abinci."

Juma'a, 12 ga wata, ƙarfe 3:10 na yamma

Bakin lagwanin ya yi tauri kamar ƙashi. Na karanta cewa ba a wanke shi da ruwa, ƙone dattin ake yi: a kunna hita a waje da tanki kusan babu komai, a bar ta ta ci har ta mutu da kanta. Na yi haka a baranda. Minti hamsin da biyu ta ɗauka, da wari mai hawa kai. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ko taya muke ƙonawa, shanyarta duk ta ɗauka. Na ba ta haƙuri sau huɗu.

Da ya huce na goge tokar da burushi. Ya yi laushi. Na zuba sabon kananzir ta mazurari da tsumma a kai don tacewa, na jira awa ɗaya lagwanin ya sha, na kunna.

Wuta shuɗiya! Zobe guda, tsawonsa ɗaya ta ko'ina, babu wari. Na kira Umma ta gani. Daga bakin kicin ta kalla ta ce, "To."

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe 10:05 na safe

Na mai da ita ɗakin Baba, daidai inda take zama tsakanin gado da taga. Na kunna. Minti shida, harshen wuta ya yi ja ta gefe ɗaya. Minti goma sha ɗaya, ga wari. Na kashe.

Na fito da ita baranda. Shuɗiya.

Na mayar ɗaki. Ja.

Wallahi hitar nan raina ni ta yi.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe 1:45 na rana

Na sa ta a kwali na kai wa mai gyaran risho da ke bayan kasuwa. Dattijo ne, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. Ya ɗora ta a kan teburinsa, ya leƙa ciki, ya shinshina tanki, ya kunna. Muka zauna muna kallonta minti ashirin.

"'Yata, wannan hitar ta fi ni lafiya. Wa ya wanke ta?"

Na ce ni.

"In kin rasa aiki ki zo, ina da kujera."

Na yi masa bayani cewa a ɗaki ɗaya kawai take hayaƙi. Na nuna masa jadawalin da na zana, gwaji tara, da lokaci da launin wuta. Ya riƙe takardar a juye, sannan ya ce ƙila iska ce ke bugunta, ko kuma ɗakin ne ba ya sonta. Na ce ɗaki ba ya so ko ƙi. Ya ce, "Ba ki yi aure ba ko?" Ban ga haɗin ba. Na ɗauko kayata.

A hanya kwalin ya yage, na rungumo ta a ƙirji har gida. Rigata ta tashi daga aiki.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Ba iska ba ce. Na rufe taga, ja. Na buɗe, ja. Na juya hitar gabas, yamma, kudu, arewa, kullum gefen da ke kallon taga ne wutar ke tashi. Na canja batirin abin kunnawa duk da na san ba ruwansa. Na sake kwance ta na sake ɗaurawa, sukuru mai lamba tara ya faɗa ƙarƙashin gado, na yi minti arba'in ina nema.

Yaya ya kira. "Furofesa, ya bincike? In share masa ɗaki ko?" Na ce komai yana tafiya. Ba ƙarya na yi ba, ban dai faɗi inda yake tafiya ba.

Umma ta fara ninke kayan Baba a akwati. Ta ce don kada su yi ƙura ne. Har da hularsa ta sanyi da carbinsa.

Saura kwana uku.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Ina zaune a ƙasa ina neman ƙaramin sifana a gwangwanin biskit, sai kwarkwaron zare na keken ɗinki ya faɗo. Bai tsaya inda ya faɗi ba. Ya gangara a hankali, ya bi ta gaban hitar, ya je ya tsaya a kusurwar ƙofa. Na ɗauko na sake ajiyewa. Ya sake tafiya. Sau biyar.

Ƙasan ɗakin a karkace yake. Ido ba ya gani, amma a karkace yake. Hita mai lagwani in ba ta zauna daidai ba, wuta sai ta fi ci ta gefe ɗaya. Wataƙila wannan na cikin shafukan da suka ɓata.

Amma shekara goma sha tara tana zaune a wurin nan ba ta taɓa hayaƙi ba.

Na janye ta na duba ƙasa da tocila. Ga shatin ƙafafunta huɗu a kan siminti. A wurin ƙafa ɗaya, ta wajen ƙofa, shatin ya fi faɗi, kuma siffarsa kamar rabin wata.

Laraba, ƙarfe 11:50 na safe

Na koma shafin 4 ga wata na karanta jerin sharar da na fitar.

Laraba, ƙarfe 5:00 na yamma

Ban je asibiti ba. Na ce wa Umma kaina ke ciwo.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe 9:15 na safe

Shuɗi ne, na tuna. Dunduniyar tsohon silifa, an yanke ta, an fere gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Da yatsa biyu na ɗauke shi don ƙazanta. Har na ce a raina, mutum ya yi ta tara tarkace.

Kuma daren Litinin ɗin ni na kunna wa Baba hitar. Ya miƙe zai yi da kansa na ce ya zauna, ai yanzu yana da mai digiri a gida. Mura yake yi, hancinsa a toshe.

Motar shara ta kwashe tun ranar 3 ga wata. Na san haka, amma sai da na je na leƙa cikin durom ɗin.

Alhamis, ƙarfe 3:30 na yamma

Na ɗora faranti a kan hitar na zuba ruwa, na auna zurfinsa ta gefe huɗu da rula. Na yi lissafi sau uku. Ƙafar tana bukatar ɗagawa milimita bakwai. Na yanke dunduniyar silifana na wanka da wuƙar Baba, na fere, na auna, na cusa.

Awa biyu da minti goma. Shuɗiya daga farko har ƙarshe.

Na ɗauka zan ji daɗi.

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Yaya ya zauna a kujerar Baba ya ɗora agogonsa a gwiwa. Kowane minti biyar sai ya ja numfashi da ƙarfi kamar mai sayen turare. Ya zagaya, ya durƙusa, ya shinshina labule. Da awa ta cika ya ce, "Kai, Furofesa! Ashe dai ba a banza aka tura ki makaranta ba. Me ya lalace a cikinta?"

Da na ce ruwa ne a tanki, da shi ke nan. Kuma akwai ruwan, cokali biyu, na rubuta. Umma tana bakin ƙofa, har ta fara murmushi.

Na ce babu abin da ya lalace. Na nuna masa ƙafar. Na faɗa musu abin da ke wurin da, da wanda ya ɗauke shi, da ranar, da wanda ya kunna.

Umma ta ce, "Innalillahi," ta zauna a bakin gado.

Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon silifan, sannan ya ce, "Kin ga abin da nake faɗa? Gidan da ran mutum yake kan guntun silifa. Gobe wani ya zo shara fa?" Na ce ya yi alkawari, hancinsa bai ji komai ba. Ya ce alkawarin hita ya yi, ba na silifa ba.

Umma ce ta raba mu. Ta ce mu biyun mun ishe ta, mutumin nan da ransa da hankalinsa, sai raba shi muke kamar kayan gado. Gobe a tambaye shi.

Da Yaya ya fita ta tsaya kusa da ni tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ta ce, "Ni ma shekara nawa ina share ɗakin nan, kewaye hitar nake don kada ya yi min faɗa. Ban taɓa leƙawa ba." Sannan ta ce in je in wanke hannuna, duk baƙi.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe 5:25 na yamma

Na roƙe su su ba ni minti biyar da Baba kafin su shigo. Na tsara abin da zan faɗa a takarda, layi bakwai. A na biyu na tsaya, sauran a baki suka fito, ba a jere ba.

Ya saurara idonsa a rufe. Na ɗauka barci ya yi. Sai ya ce, "Nawa?"

Na ce me?

"Kauri."

Na ce milimita bakwai, na auna sau uku.

Ya girgiza kai a kan matashi. "Tara." Ya huta. "Sabo... yana kwanciya."

Na ce Baba, ka ji abin da na faɗa kuwa? Ni ce na jefar.

"Na ga wutar," in ji shi. "Ta yi ja. Na ce... gobe." Ya daɗe kafin ya ƙarasa. "Kuma na rufe taga. Sanyi."

Ban san ko gaskiya ne ko don ni ya faɗa ba. Safiyar Talata ban duba tagar ba, ba ita ce a gabana ba. Ba ni da hanyar tabbatarwa, kuma wannan zai dame ni har ƙarshen raina.

Su Yaya suka shigo. Yaya ya yi jawabi mai kyau, hawa na huɗu, ɗumi, asibiti kusa, jikoki. Baba ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce, "Gida." Yaya ya sake ɗauko wani bayanin. Baba ya ce, "Kekunan mutane," ya juya fuska bango.

A mota Yaya ya kafa dokoki: ba a kwana da ita a kunne, ba a rufe taga, kuma zai sayo na'urar da ke ƙara in iskar ɗaki ta ɓaci. Na ce duk suna cikin jerin da na rubuta tun jiya, har da guda huɗu da bai ambata ba. Ya ce, "Allah ya shirye ki."

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Baba ya dawo ƙarfe goma sha biyu da kwata. Yaya na riƙe da shi ta hagu, ni ta dama. Bai kalli gado ba, bai kalli kekunansa ba, ƙafar hitar ya kalla.

Na sake ɗora farantin ruwa don in nuna masa. Kwana huɗu kacal, silifan ya kwanta da kusan milimita ɗaya. Na dube shi. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Ya ce a kawo wuƙa da ɗaya ƙafar silifan. Na miƙa masa wuƙar ba tare da tunani ba. Ya dubi hannunsa na dama a kan cinya, ya dubi wuƙar. Sai ya tura mini ita da bayan hannun hagu ya ce, "Fere." Na fere. "Ƙara." Na ƙara. "Ya isa." Na kai hannu zan ɗauki rula, ya ce, "Auta." Na ajiye.

Umma ta leƙo ta ce yanzu da me zan shiga wanka, ƙafa biyu duk na yanka, kuma kada in sa ido a kan nata.

Da na kunna, ya kalli wutar minti uku, sannan ya nuna taga da haɓa. "Yatsa biyu."

Na ce Baba, mako biyu ina tambaya, yatsun wa?

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Sai ya ce in matso da kujerar. Na ja shi har jikin taga. Na ɗaga hannunsa na dama, yana da nauyi, yana da ɗumi, na haɗa yatsunsa biyu na sa a bakin tagar, na turo ta a hankali har ta taɓa su.

Milimita arba'in da ɗaya. Na ja layi da fensir a kan katakon.